Shagon buga hotuna da ya goge mini Ikarus

Shekara 31 na yi ina shaƙar ƙurar alli, kuma duk tsawon shekarun nan hoton faɗuwar Ikarus, yaron tatsuniyar Girkawa da ya faɗo daga sama, da na sani bai fi tafin hannu ba. Baƙi da fari ne, a gindin shafi, cikin wani tsohon littafin karatu da ya daɗe da rabuwa da bangonsa. Nakan ɗaga littafin a gaban aji in ce "ku duba nan", na gaba su ga toka-toka, na baya su ga hannuna. Da na yi ritaya na buɗe ɗan darasin yamma a zaurena a unguwar Zariya ta Maraɗi, sai na ce kafin ido ya ƙarasa tafiya bari in ga wannan hoto da girmansa da launinsa, yara ma su gani.

Autata, wadda ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ita ta sauko mini da shi daga intanet tare da wasu biyu da na zaɓa, duk aikin masu zanen Falandar ne, wato arewacin Beljiyam ta yau. Aka nuna mini wani shagon buga hotuna da yin firam kusa da babbar kasuwa. Sunansa zan riƙe a bakina, don abin da zan faɗa akwai zuma akwai maɗaci, kuma mai shagon mutumin kirki ne.

Shagon ɗaki biyu ne. Na farko akwai kwamfuta biyu da wani inji mai tsawon gado da rabi, yana tafiya yana dawowa yana fitar da leda, warin tawada kuwa sai ya kama maƙogwaro. Na biyu na kafinta ne da mai yankan gilashi. Abin da suka saba bugawa shi ne tallar shaguna, hoton ango da amarya, sanarwar saukar karatu, kalandar ƙungiya. Janareta suke da shi, saboda haka ko wuta ta ɗauke aiki ba ya tsayawa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Mai shagon ya tarbe ni da kujera da ruwan sanyi, ya ce yana cikin yaran da suka bi ta ajina, ko da yake ni fuskar ta ɓace mini. Ya haɗa ni da yaron da ke kan kwamfuta, ya hau babur ya tafi karɓo kaya da suka iso daga Kano. A nan aka fara samun matsala, amma rabin laifin nawa ne: maimakon in kawo hoton yadda ɗiyata ta sauko da shi, sai na tura wa yaron daga wayata ta manhajar hira. Manhajar kuwa matse hoto take yi don ya yi saurin tafiya. A fuskar waya ba ka ganin bambanci. Sai an miƙe shi ya kai mita guda.

Sai na faɗi labarin kafin a gane girman ɓarnar. Tatsuniyar Girkawa ce, wadda mawaƙin Rum Obid ya tsara a kashi na 8 na dogon waƙensa na rikiɗe-rikiɗe, mai kashi 15. Dedalus gwanin ƙira ne, shi ya gina wa sarki Minos na tsibirin Kirit gidan nan mai lunguna da in ka shiga ba ka fita. Sarki ya hana shi barin tsibirin, shi da ɗansa Ikarus. Sai ya tara gashin tsuntsaye, ya ɗaure da zare, ya liƙe da kakin zuma, ya yi musu fukafukai. Ya ja wa yaron kunne: kada ka yi ƙasa, raɓar teku za ta jiƙa gashin, kada ka yi sama, rana za ta narkar da kakin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle wanda aka ba fukafukai. Daɗin tashi ya ɗebe shi, ya yi sama, kaki ya narke, ya faɗa teku.

Obid ya ce mai kamun kifi da makiyayi da manomi sun ɗaga kai sun gan su suna shawagi, suka ɗauka alloli ne. Pieter Bruegel babba, wanda ya rasu a Burusel a 1569, ya ɗauki mutanen nan uku ya sa su a hotonsa, amma ya juya musu kai. Manomi mai jar riga shi ya cika gaba, idonsa a kan garma, dokinsa na gaba. Makiyayi ya jingina da sanda yana kallon sama, amma wani gefen daban. Mai kamun kifi ya duƙa kan fatsarsa. Babban jirgin ruwa, iska ta cika masa tufa, yana wucewa. Ikarus fa? Can ƙasa ta dama, tsakanin jirgin da mai kamun kifi, ƙafafu biyu farare ne kawai suka rage a bisa ruwa, da ɗan gashi yana yawo a iska. Hoton yana gidan adana zane na masarautar Beljiyam a Burusel tun 1912, tsawonsa santimita 112, tsayinsa 73 da rabi. Tun binciken da aka yi masa a 1996 masana da yawa suna ganin kwafi ne na wani hoton Bruegel da ya ɓace, wanda ya zana wajen 1560. To ni ma kwafin kwafi na je nema, ba ni da bakin raina shi.

Bayan kwana biyu na koma. Yaron ya warware leda a kan tebur yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. Na sa tabarau, na bi manomi, na bi tumaki, na gangara wajen jirgi. Ruwa lumui. Na cire tabarau na goge na mayar. Ruwa dai.

"Ɗana, ina ƙafafun?"

"Waɗanne ƙafafu, Mushe?" Haka ake kiran malamin boko a nan.

"Na nan, ƙarƙashin jirgi."

"Au, wannan fari-farin? Ai datti ne ya fito a hoton, na goge maka shi. Ban ma sa maka kuɗinsa ba."

Na zauna a kujera. Fushi ya taso, dariya ta riga shi fita. Shekara fiye da 400 hoton nan yana faɗin cewa yaro ya faɗo daga sama ba wanda ya kula, sai ga wanda ya kula a Maraɗi, ya ɗauke shi datti. Kuma da na duba fuskar kwamfutarsa ban ga laifinsa sosai ba: a hoton da waya ta matse, ƙafafun sun zama wani dusu-dusu kamar kashin tsuntsu a gilashin mota. Hannunsa ma ya iya, don wurin da ya goge ko tabo babu, ya kwafo ruwa daga gefe ya shafe. Laifinsa ɗaya: bai tambaya ba. Mai kawo hoton amarya yana so a goge mata ƙuraje, shi ya sa hannun yaron ya saba da gyara abin da ba a ce ya gyara ba.

Da mai shagon ya dawo ya ji, bai yi gardama ba, wannan kuwa shi ya sa na ci gaba da hulɗa da su. Ya ce a sake, kuɗin leda jikka 8 na sefa da na biya a cire daga sabon aiki. Shi ne kuma ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani, ya ce leda ta titi ce, an yi ta don a gani daga nesa a kan babur. Abin da za a tsaya a gabansa a ƙura masa ido, takardar hoto mai kauri marar ƙyalli ta fi. Araha ba ta ado. Ɗiyata ta kawo ainihin hoton a kwamfutarta aka kwafa kai tsaye. Na ja kujera na zauna bayan yaron tun daga farko har ƙarshe. Da kyau na zauna, don ya so ya ja hoton ya cika wani firam da suke da shi a ajiye, 80 bisa 100, wanda da ya mayar da dokin siriri dogo kamar raƙumi. Na ce a bar shi 70 bisa 107, kafinta ya yanka katako daidai da hoto, ba hoto daidai da katako ba.

Wannan karon abin ya fito. Ƙafafu suna nan, har ana ganin ɗaya ta lanƙwashe. Na ga abubuwan da ban taɓa gani ba a shekara 31: wuƙa da jaka da manomin ya ajiye a kan dutse, da makwarwa a kan reshe kusa da mai kamun kifi. Makwarwar nan ba ado ba ce. A labarin Obid, Dedalus ya taɓa tunkuɗo ɗan ƴar'uwarsa daga tudu saboda hassada, don yaron ya nuna alamar zai fi shi gwaninta, aka mayar da yaron makwarwa, shi ya sa ba ta tashi sama sosai. Ga ta nan ta zo kallon faɗuwar ɗan wanda ya tunkuɗo ta. A ledar farko ita ma ta zama ɗigon laka.

Launi kuwa, sai a yi adalci. Koren tekun ya fito da kyau, jar rigar manomi ma haka, sai dai ta ɗan fi ƙarfi, kamar sabon atamfa. Inda injin ya gaza shi ne wurare masu duhu. Daji na gefen hagu ya haɗe ya zama baƙi ɗaya. Dalili a fili yake. Masu zanen Falandar sukan shafe katako ko ƙyalle da alli da danƙo ya yi fari, sannan su riƙa ɗora fenti da aka dama da mai, shafi bisa shafi, wasu siraran da haske ke ratsawa ya taɓa farin ƙasa ya dawo. Farinsu na dalma ne, shuɗinsu mafi tsada daga wani dutse na duwatsun Afganistan, wani jan kuma daga ƙwaron da ake kawowa daga Meziko. Duhunsu yana da ciki, kamar rijiyar da ake hango ruwanta. Injin shagon tawada huɗu yake da ita, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, yana fesa su ɗige-ɗige a shafi ɗaya. In ya iso wurin duhu sai ya zuba baƙi ya wuce. Na sa yaron ya ɗan buɗe hasken wuraren, ya buga gwaji a ɗan ƙyallen takarda sau uku kafin a buga babban, kuma ba su caje ni gwajin ba. Duk mai zuwa da irin wannan aiki ya nemi gwaji, kuma ya fita da shi waje ya duba a hasken rana, don fitilar shagon fara ce fat, tana ƙarya.

Na biyu aikin Jacob Jordaens ne, ɗan Antwap, wanda ya rayu daga 1593 zuwa 1678. Labarin da ke cikinsa ya zana shi sau da yawa. Na zaɓi wanda ke Munik a Jamus, na wajen 1620. Tatsuniyar Isof ce, mai tatsuniyoyin nan na Girkawan da. Wata halittar daji, sama mutum ƙasa akuya, ta yi abota da wani baƙauye a lokacin sanyi. Ta ga yana hura hannunsa, ya ce ɗumama shi yake. Suka zauna cin abinci ta ga yana hura cokali, ya ce huce shi yake. Ta miƙe ta ce ba ta zama da wanda zafi da sanyi ke fita daga bakinsa ɗaya. Mai baki biyu ke nan, mu ma mun san shi, kuma ba a daji yake ba. Hoton nan shi yara suka fi so, don gida ne irin namu: mutum ya cika kumatu yana hura abinci kamar mai shan kunu da safiyar hunturu, mace da jariri a cinya, tsohuwa, zakara a bisa kujerar saƙa, kare a ƙarƙashin tebur, ƙafafu ba takalmi da ƙurarsu.

Da yaron ya buɗe shi a kwamfuta, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Mushe, ƙafafun nan na akuya, haka suke ko in gyara?"

Na ce haka suke, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Wannan ya fito fiye da na farko, don Jordaens mai son jan fata ne da hasken da ke dukan goshi da gwiwa, irin abin da injin ya saba da shi a hoton biki.

Na uku ne ya ba ni takaici, kuma ba laifin kowa ba ne sai na tawada. Aikin Peter Paul Rubens ne, hoton Purometiyus, wanda ya sato wuta daga wurin alloli ya ba mutane, Zeyus ya sa aka ɗaure shi a dutsen Kokasas, gaggafa tana zuwa kullum ta ci hantarsa, dare ya yi ta sake tsirowa. Ainihin hoton yana Filadelfiya a Amurka, ya haura mita biyu kowane gefe, mutumin ya kifo kai ƙasa kamar zai faɗo wa mai kallo, gaggafar ta kafa masa farce a fuska. Gaggafar ba Rubens ya zana ta ba, Frans Snyders ne, gwanin dabbobi, kuma don gashinta na so hoton. A bugun da na samu fukafukan sun zama kamar baƙin mayafi da aka shanya. An yi gwaji huɗu, in aka buɗe haske gashi ya fito sai fatar mutumin ta koɗe ta zama ta gawa. Na karɓi ƙarami, na sa a jaka. Dama uwargida ta riga ta yanke hukunci cewa mutumin da ba shi da sutura sai ɗan ƙyalle ba zai hau bangon gidanta ba, kuma ban ɗaukaka ƙara ba. Yawancin hotunan tatsuniya na Rubens haka suke ko fiye, shi ya sa zaɓin da ya dace da zaure a Maraɗi bai da yawa.

Amma hoton nan ya ba ni abin da na faɗa wa mai shagon, muna shan shayi a ƙofarsa. A 1618 Rubens ya yi musaya da jakadan Ingila, Dudley Carleton: jakada ya ba da tsofaffin sassaƙen dutse, Rubens ya ba da hotuna. A jerin da ya rubuta masa, ya bayyana kowane hoto da wanda ya yi shi: wannan da hannuna, gaggafar kuwa ta Snyders ce; wannan almajirina ya fara, ni na bi shi da hannuna. Shagonsa a Antwap cike yake da yara, shahararren mai zane Anthony van Dyck ma ya yi aiki a ciki. A 1636 sarkin Sifen Filib na huɗu ya yi odar hotunan tatsuniya kimanin 60 don gidan farautarsa kusa da Madrid. Rubens ya zana ƙananan samfura ya rarraba wa masu zanen garin su girmama. Faɗuwar Ikarus ta faɗa hannun Jacob Peter Gowy, kuma a nasa yaron ya cika hoton yana juyowa daga sama, uban na kallonsa. Da shi na kawo, da ba wanda ya ɗauke shi datti. Na ce wa mai shagon, ba aibi ba ne yaro ya yi aiki, haka manya suka yi. Aibin shi ne aiki ya fita ƙofa maigida bai ɗora ido a kansa ba. Ya ce ya ji. Ko ya ji ɗin, ranar da na je karɓar firam ma ba ya nan.

Firam ɗin dai kafintan ya iya. Kusurwa ta haɗu ba rata, katakon busasshe ne, an shafa masa maganin gara da na roƙa. Gilashi iri ɗaya suke da shi, mai ƙyalli, saboda haka in aka rataya hoto yana fuskantar ƙofa, da rana kanka za ka gani a tsakiyar teku. Na mayar da nawa bangon gefe. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne bayan firam: kwali ne da salatif, kuma kafin hunturu ya ƙare salatif ɗin ya ɗaga a kusurwa ɗaya, ƙura ta sami hanya ta kwanta a cikin gilashi ta ƙasa. A garin da ƙura ke shiga har cikin tukunya rufaffiya, ya kamata su riƙa sa falanki siriri da ƙananan ƙusoshi. Kuɗi: babban hoto jikka 18, firam da gilashi jikka 14, na Jordaens duka jikka 17, ƙaramin jikka 3. Sun ce farashi na bin kuɗin naira da na hanya, tunda takarda da tawada ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Kada ka ɗauko firam mai gilashi a kabu-kabu. Na ga yadda wani ya yi a gabana, ni adaidaita na nema.

Maƙwabcina, malami ne na zaure, ya leƙo ya ga hotunan ya yi shiru, sannan ya tuna mini maganar hoto a ɗaki. Na ce masa na sani, shi ya sa ba su shiga ɗakin da nake salla ba, a wurin darasi suke kamar taswira, kuma yara sun san tatsuniya ce, allolin Girkawa ba su fi Gizo da Ƙoƙi gaskiya ba. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Kafin ya fita dai ya tsaya gaban manomin ya ce garmar nan mai ƙafa ce, kuma da doki ɗaya, lalle ƙasarsu ba irin jigawarmu ba ce. Yawancin baƙina haka suke yi, garma suke gani. Yara kuwa na mayar da shi jarrabawar shiga: duk sabon da ya zo sai ya nemo Ikarus. Wata yarinya ƴar aji uku ta same shi nan take, sannan ta tambaye ni abin da ban shirya masa ba: in rana ce ta narkar da kakin, me ya sa a hoton rana tana can ƙasa tana shirin faɗuwa? Na ce mata ƙila tun azahar yake faɗowa.

Ledar farko ban yar da ita ba. Da damina ta kama, rumfar awaki ta fara yoyo, na shimfiɗa ta a bisa na danne da duwatsu, hoton yana kallon sama. Ruwa uku ya sauka a kanta ko ɗigo bai ratsa ba, launin ma bai motsa ba.